Kalmar "Unique" da Ɗan Gwauruwar Nayin

Karatu: Luka 7:11-17

 Yau zancenmu a kan wata kalmar Turanci ne guda ɗaya, wadda kusan kowannenku ya taɓa faɗa ko ya taɓa rubutawa, wato unique. Tana kan allon shagon ɗinki, tana kan shagon gyaran gashi, tana ƙofar makarantun kuɗi. Ranar zagayowar haihuwar mutum, ita ake liƙa masa a Facebook da WhatsApp. Masu jawabin ƙarfafa gwiwa kuwa ba sa sauka daga dandamali sai sun gaya wa matasa cewa kowa unique ne. Yawancinmu idan muka ji ta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne abu mai kyau ƙwarai, wanda ya fi sauran. Amma asalin kalmar yana faɗin wani abu dabam, kuma abin da yake faɗa zai fi yi mana amfani.

Daga ina ta fito?

Turawan Ingila sun ari kalmar daga Faransanci wajen farkon ƙarni na 17, shi ya sa rubutunta ya ƙare da haruffan q, u, e, irin na Faransawa. Su kuma Faransawa daga Latin suka gaje ta, daga kalmar unicus, wadda ta tsiro daga unus, wato ɗaya. Wannan saiwar ce ta haifi unit da union da unity. Tun daga tushe ke nan maganar ƙidaya ce: abin guda ɗaya ne, idan ka nemi na biyu ba za ka samu ba.

Ba nan da nan Turawa suka karɓe ta ba. A shekarar 1818, wani limamin cocin Ingila mai suna Henry Todd ya sake fitar da shahararren ƙamus ɗin nan na Samuel Johnson, ya sa kalmar a ciki a matsayin baƙuwa, ya kuma ɗauke ta a kan kalmar ƙyale-ƙyale marar amfani. Duk da haka kalmar ta zauna, har ta kai yau ba a iya sayar da sabulu ba tare da ita ba.

Ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB, ga abubuwan da ya kamata ku riƙe. Ana furta ta yunik, a ja gaɓar ƙarshe, nauyin murya yana kanta. Idan ka ɗora nauyin a gaɓar farko, ka gajarta ta ƙarshe, za ta koma kama da eunuch, wato baban nan, irin mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8. Ka ga yabo ya zama wani abu. Sa'an nan ana cewa a unique, ba an unique ba, domin ko da yake harafin farko wasali ne a rubuce, sautin da kunne ke ji shi ne y, kamar dai yadda ake cewa a university amma an umbrella. Akwai kuma unique to, wadda ake amfani da ita idan abu a wuri ɗaya kaɗai ake samunsa. Dabbar da ake kira okapi, 'yar'uwar raƙumin dawa, a dazuzzukan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kaɗai take rayuwa a daji, don haka a Turanci sai a ce ita unique to Congo ce.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ko za a iya cewa very unique ko more unique. A shekarar 1926, H. W. Fowler, a littafinsa A Dictionary of Modern English Usage, ya tsaya a kan cewa kalmar ba ta da matakai: ko abu shi kaɗai ne, ko ba shi kaɗai ba ne. Za ka iya cewa almost unique, domin abu yana iya kusa zama shi kaɗai, amma ba zai fi wani zama shi kaɗai ba. Ƙamusoshin yau sun rubuta cewa mutane da yawa suna amfani da ita da ma'anar abin da ba a saba gani ba, kuma da wannan ma'ana ake jin very unique a bakin Turawa kansu. Shawarata ita ce, a jarrabawa da wasiƙar neman aiki ku bi Fowler. Hausa ma tana goyon bayansa. Muna da kalmar tilo. Wa ya taɓa jin an ce wane ya fi wane zama ɗa tilo? Ko kai kaɗai iyayenka suka haifa, ko kana da 'yan'uwa.

'Yan gidansu

Akwai wasu kalmomin da ake cakuɗa su da wannan, alhali aikinsu dabam. Peerless ta fito daga peer, wato tsara ko sa'a, asalinta kuma par ne na Latin, ma'ana daidai. Matchless tana nufin an nemi wanda za a kara da shi an rasa. Unrivalled tana nufin ba abokin gasa. Incomparable kuwa tana nufin ba ma abin da za a ajiye kusa da shi a gwada. Dukansu maganar awo suke yi. Sai an jera mutane, an auna, sa'an nan a ce wane ya wuce kowa. Irinsu ne a Hausa muke cewa gagara gasa, marar tamka, ko ba shi da sa'a.

Unique ba ta buƙatar a jera kowa, kuma ba ta ce abin yana da kyau ba. Zanen yatsanka unique ne. Tagwaye masu kama ɗaya ma zanen yatsunsu ya bambanta, shi ya sa ake ɗaukar hoton yatsa wajen yin BVN da NIN da katin zaɓe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Nuwamba na 2022 yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8, kuma hukumomi suna dogara da cewa yatsan kowa nasa ne. Amma ba wanda ya taɓa samun lambar yabo don babban yatsansa. Ɓarawo ma da zanen yatsansa ake kama shi.

A nan ne matsalar take. Ana ce wa matashi unique, shi kuma kunnensa yana jin peerless. An ce masa babu irinka, ya ji babu wanda ya kai ka.

Inda na sadu da kakan kalmar

Lokacin da muke makarantar tauhidi, a ajin Helenanci aka sa mu bin sawun kalmar monogenes cikin Sabon Alkawari. Sau 9 ta fito. Sau 5 a rubuce-rubucen Yohanna, duka a kan Yesu: Yohanna 1:14, 1:18, 3:16, 3:18 da 1 Yohanna 4:9. Sau ɗaya a Ibraniyawa 11:17, a kan Ishaku. Sauran ukun a Luka suke, kuma a kan 'ya'yan mutane irinmu.

A shekarar 382, Paparoma Damasus ya ba Jerom aikin gyara juyin Linjila na Latin, aikin da ya zama tushen juyin da ake kira Vulgate. A wuraren nan uku na Luka, kalmar da ke cikin juyin Latin ita ce unicus, wato kakan unique. To, ku duba inda take zaune.

Na farko, Luka 7:12. A ƙofar garin Nayin, wani ƙaramin gari a Galili kusa da Nazarat, wanda ba a sake ambatonsa ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki ba, Yesu ya gamu da masu ɗauke da makara. Saurayi ne ya mutu, uwarsa gwauruwa ce, shi ke nan gare ta. Na biyu, Luka 8:42. Yayirus, shugaban majami'a, ya faɗi a gaban Yesu domin 'yarsa mai shekara wajen 12 tana bakin mutuwa, ba shi da wata. Na uku, Luka 9:38. Wani uba ya ɗaga murya cikin taro yana roƙo saboda ɗansa da aljani ke buga shi da ƙasa, dalilin da ya bayar kuwa shi ne yaron shi kaɗai ne gare shi.

Makara, gadon jinya, da yaro mai kumfar baki. Kalmar da muke rubutawa a kan kek ɗin ranar haihuwa, ga wuraren da kakanta ya zauna. Ba a gaya mana ko saurayin Nayin kyakkyawa ne ba. Ba mu san sana'arsa ba, ko yana da ƙoƙari a makarantar majami'a, ko sunansa ma ba a faɗa ba. Mai yiwuwa a garin akwai samari ashirin da suka fi shi ƙarfi da basira. Wannan bai rage hawayen uwarsa ko ɗigo ɗaya ba, domin ba gasa ta kai shi ba, ɗanta ne. A zamanin kuwa, mace da ta rasa miji ta kuma rasa ɗa namiji ta rasa mai ci da ita da mai tsaya mata. Luka ya ce Ubangiji ya ji tausayinta tun ba wanda ya roƙe shi, ya taɓa makarar, ya ta da saurayin, ya miƙa shi ga uwarsa.

Ma'anar da na ɗauka daga nan ita ce: abin da yake unique shi ne abin da idan ya tafi, ba a maye gurbinsa.

Na ga wannan da idona a wata ikilisiyar ƙauye da na yi hidima shekarun baya. Wata mama cikin zumuntar mata ta rasa ɗanta na huɗu cikin shida, zazzaɓi na kwana uku. Yaron ba shi ne mai ƙoƙarin gidan ba, hasali ma shi ne ake yawan kawo ƙararsa. Muna zaman makoki, masu ta'aziyya suna shiga suna fita, sai wata baiwar Allah da kyakkyawar niyya ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki gode wa Allah kina da sauran biyar." Tsohuwar ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "'Yata, na gode masa. Amma a cikin biyar ɗin, wanne ne shi?" Ɗakin ya yi tsit. Matar nan ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ta fi mu duka sanin ma'anar kalmar da muke magana a kai.

Labarin Ishaku ma haka yake nunawa. Ibraniyawa ta kira shi monogenes, alhali Ibrahim yana da shekara 86 aka haifa masa Isma'ilu, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, daga baya kuma Ketura ta haifa masa 'ya'ya maza shida. A ƙidaya, Ishaku ɗaya ne cikin takwas. Amma alkawarin a kansa yake, ba wanda zai tsaya a wurinsa.

A wuraren da kalmar take magana a kan Yesu, juyin Latin ya yi amfani da unigenitus, daga nan King James na 1611 ya sami only begotten. Juyin Turanci na baya-bayan nan da yawa sun zaɓi only ko one and only, domin masana da dama sun ce rabin kalmar na biyu daga genos yake, wato iri, wasu kuwa har yanzu suna riƙe da ma'anar haihuwa. Mu ma a Hausa mun ga wannan: tsohon juyin da ya fito a 1932, wanda iyayenmu suka haddace, ya yi maganar haifaffe, juyin baya kuma ya kawo makaɗaici. Ko wanne ka ɗauka, nauyin Yohanna 3:16 bai canja ba. Idan ka tuna kukan gwauruwar Nayin sa'an nan ka karanta ayar, za ka ji abin da Uba ya bayar. Ba shi da wani a ajiye.

Ramuka biyu

Matashin da ya ɗauki unique da ma'anar wanda ya fi kowa, yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu, kuma na ja matasa daga kowannensu.

Ramin farko girman kai ne. Akwai wani saurayi da Allah ya ba hannu a kan kibod, kowa ya shaida. Yabo ya yi yawa, sai ya daina zuwa koyon waƙa ranar Asabar, ya ce shi ba ya buƙata. Idan shugaban mawaƙa ya yi masa magana, sai ya yi yaji mako biyu don a ji rashinsa. Ranar babban taron gunduma, wani yaro ɗan shekara goma sha biyar daga wata ikilisiya ya zauna a kan kibod ɗin, jama'a suka miƙe tsaye. Saurayin namu ya fita waje, bai dawo sujada ba wata uku. Hausawa suka ce gaba da gabanta. Duk wanda ya gina darajarsa a kan cewa ba wanda ya kai shi, ranar da wanda ya fi shi ya bayyana, ginin zai rushe, kuma ranar tana zuwa.

Rami na biyu karyewar zuciya ne, shi ne kuma ya fi cin matasanmu yanzu. Wata yarinya ta zo wurina bayan ta rubuta JAMB sau uku ba ta sami gurbi ba. Ƙawayenta suna aji uku a jami'a, kullum tana ganin hotunansu a waya. Ta ce, "Baba Fasto, ana ta ce mana kowa unique ne. Ni me nake da shi? Ba na waƙa, ba na ƙoƙari, ban fi kowa kyau ba. Ko ba na nan, ba abin da zai ragu." Maganar ƙarshen nan ce ta tsorata ni. Ban ce mata ai kin fi kowa wani abu ba, don da na faɗa da ta gane daɗin baki ne. Na buɗe mata Luka 7, muka karanta tare, na ce ta nuna mini abin da saurayin nan ya fi kowa da shi. Ta duba, ta ce ba a faɗa ba. Na ce to me ya sa Yesu ya tsayar da makarar? Ta yi shiru, daga baya ta ce, "Don uwarsa ba ta da wani." Na ce ta je gida ta tambayi mamarta ko tana da wata ita. Na kuma kira iyayen da wata dattijuwa cikin zumuntar mata su riƙa zama da ita, domin irin wannan magana ba a barin yaro shi kaɗai da ita.

Su biyun nan ciwo ɗaya ke damunsu. Dukansu suna tsaye a layi suna leƙen na gaba da na baya. Manzo Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 10:12 masu auna kansu da junansu ba su da hikima. A 1 Korantiyawa 12 kuma ya kawo misalin jiki: ƙafa ba ta daina zama gaɓar jiki don ita ba hannu ba ce, ido kuma ba shi da bakin ce wa hannu ba ya buƙatarsa. A misalin ɓatacciyar tunkiya na Luka 15, makiyayin bai bar 99 don ɗayar ta fi ƙiba ba. Tasa ce, kuma wurinta a garke ba kowa.

Kowace kalma da mai ita

Kalmomin awo, su peerless da matchless da incomparable, idan an bi su har ƙarshe, Allah kaɗai suka dace da shi. A Ishaya 40:25 shi da kansa ya tambaya da wa za a gwada shi. Sunan Mika'ilu, wanda wasunku ke amsawa da Michael, tambaya ce a Ibrananci: wa yake kamar Allah? Duk mai wannan suna yana yawo da amsar girman kai a goshinsa. Mu kuwa, ko zakaran ajinmu, akwai wanda ya fi shi a wata makaranta, ko za a haife shi baɗi.

Unique kuwa an ba kowannenmu, shi ya sa ba abin taƙama ba ce. Abin da kowa yake da shi ba a yin fahariya da shi. Amma tana ɗauke da nauyi. Idan ba a maye gurbinka, to aikin da Allah ya ajiye a gabanka, a gidanku, a ajinku, a zumuntarku, idan ka bar shi zai zauna ba a yi ba. Tana kuma canja yadda kake duban na kusa da kai. Yaron nan mai zama a bencin baya, wanda ba a taɓa ba shi makirfo ba, shi ma babu na biyunsa. Idan ya daina zuwa, kada mu ce ai zumunta ta cika, mutum ɗaya ba komai. Wani ya tashi ya je gidansu.

Saboda haka, nan gaba idan za ka rubuta wa abokinka wannan kalma ranar haihuwarsa, ka rubuta, amma ka san abin da kake gaya masa: idan babu kai, ba wanda zai cike mini wurinka. Idan kuma kai aka ce wa, ka karɓa da godiya, kada ka ɗaga kafaɗa.

A wannan mako, ka tuna mutum ɗaya da ya daina zuwa zumunta ba wanda ya tambaya. Ka neme shi kafin Lahadi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ba wanda za a gwada da kai. Mun gode da ka ba da Ɗanka wanda ba ka da wani kamarsa. Ka raba mu da auna kanmu da juna. Wanda ya ɗaga kai, ka sauko da shi a hankali. Wanda yake jin ba shi da amfani, ka tsaya a gabansa kamar yadda ka tsaya a ƙofar Nayin, ka miƙa shi ga masu ƙaunarsa da rai. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.